Tambari da Ƙarfe: Tambayar Asali a Tarihin Baburan Indian

Daga cikin tsofaffin tambayoyin falsafa akwai wadda ta shafi zati, wato abin da ke sa wani abu ya ci gaba da zama shi kansa duk da sauye-sauyen da ke same shi. Plutarch ya kawo labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka riƙa canja katakonsa ɗaya bayan ɗaya idan ya ruɓe, har masana suka rabu a kan ko jirgin farko ne yake nan ko wani ne daban. Tarihin baburan Indian na Amurka ya zo da wannan tambaya ta fuskar da ta fi tsauri, domin a nan an canja komai a lokaci guda, suna kaɗai aka bari.

An kafa kamfanin a garin Springfield a 1901, ya kuma daina ƙira a 1953. Sunan ya koma hannun kamfanin Brockhouse na Ingila, wanda daga 1955 zuwa 1960 ya riƙa kai baburan Royal Enfield ƙirar garin Redditch zuwa Amurka, ana manna musu tambarin Indian a tanki, ana raɗa musu sunaye irin su Tomahawk da Trailblazer, har da Chief, sunan babur ɗin da kamfanin ya fi shahara da shi. A ƙarshen shekarun 1960 kuma Floyd Clymer ya fitar da Indian Velo 500, mai injin Velocette na Ingila da firam ƙirar Italiya. Sauya tambari al'ada ce da ta yaɗu a lokacin, tun da kantin Sears ya sayar da baburan Puch na Ostiriya da sunan Allstate, Montgomery Ward kuma ya sayar da na Benelli da sunan Riverside.

Sai dai akwai bambanci mai nauyi tsakanin waɗannan misalai. Allstate da Riverside sunayen kanti ne, alkawarinsu bai wuce cewa mai kantin zai tsaya a bayan hajarsa da kayan gyara ba, alhali sunan Indian yana ɗauke da ikirarin gado, yana tuna wa mai saye masana'anta da maƙera da aiki na fiye da shekara hamsin, waɗanda babu hannunsu a babur ɗin da ke gabansa. Malaman fikihu suna kiran ɓoye haƙiƙanin haja ko ƙawata ta da abin da ba ta da shi tadlisi, sun kuma ba wanda aka yi wa haka zaɓin warware ciniki, ma'auninsu shi ne abin da mai saye ya fahimta lokacin ƙulla cinikin. Adalci ya wajabta a ce baburan Enfield nagartattu ne a kan kansu, kuma wanda ya san babur zai gane injin Ingila da kallo ɗaya, saboda silindarsa biyu a tsaye suke kafaɗa da kafaɗa, na Chief na asali kuwa a buɗe suke kamar harafin V. Saboda haka ba kowane mai saye aka yaudara ba, amma sunan kansa an ɗora masa shaidar da ba zai iya tabbatarwa ba.

Samfurin gwaji, wato babur guda ko 'yan kaɗan da ake ƙerawa don jarraba wani tunani kafin a shiga ƙira da yawa, yana nuna ɗaya ɓangaren matsalar. A 1949, yayin da Indian ke neman mafita daga durƙushewa, an kai Chief guda masana'antar Vincent da ke Stevenage, inda injiniya Phil Irving ya ɗora masa injin Vincent. Yarjejeniyar da ke tsakanin Indian da Vincent ta wargaje, aka sauke injin, aka mayar wa babur ɗin nasa, abin da ake kira Vindian ya rage a hotuna kawai. Daga baya masu sha'awa sun haɗa kwafinsa da kayan wancan zamani, mai yiwuwa har ya fi na farko kyan gamawa. Aristotle ya raba abu zuwa madda, wato abin da aka yi shi da shi, da sura, wato tsarin da aka zuba shi a ciki, kuma kwafin yana da surar da irin maddar, amma ba shi ne abin da Irving ya gwada a 1949 ba, domin abin da ya faru sau ɗaya ba a sake ƙera shi.

Idan suna bai wadatar ba, ƙarfe da tsari ma ba su wadatar ba, abin da ya rage shi ne silsilar aiki, kamar yadda ake tantance malami da waɗanda ya ɗauki karatu a hannunsu. Royal Enfield ɗin kansa hujja ne. Tun 1955 aka fara haɗa Bullet a birnin Madras na Indiya da kayan Redditch, sannu a hankali aka koma ƙera sassan a can, aikin kuma bai yanke ba bayan kamfanin Royal Enfield na Ingila ya rufe a wajajen 1970. Ƙasa ta canja, masu mallaka sun canja, amma zane da kayan aiki da ƙwarewar hannu sun wuce daga tsara zuwa tsara ba tare da giɓi ba. A bisa wannan ma'auni, Bullet ƙirar Madras ya cancanci sunan Royal Enfield cikakkiyar cancanta, Chief ɗin da aka kai Amurka daga Redditch kuwa Royal Enfield ne shi ma, duk da tambarin da ke jikin tankinsa.