Wanda Aka Yaudara A Kan Ajiyarsa, Kai Ƙara Haƙƙinsa Ne



A watan Janairun 2019 wani kamfanin kuɗi a Ingila mai suna London Capital & Finance ya rushe, ya tafi da wajen fam miliyan 237 na mutane kimanin 11,600. Da yawansu tsofaffi ne da suka zuba kuɗin sallamarsu. An tallata musu abin da sunan asusun ajiyar nan da gwamnati ta ɗauke wa haraji, aka yi alkawarin ribar da ta kai 8 cikin 100 a shekara. Ashe takardun bashi aka sayar musu, kuɗin kuwa ana miƙa shi ga 'yan kamfanoni kaɗan masu alaƙa da juna. A 2024 babbar kotun Landan ta tabbatar cewa da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko.

Wannan shi ne algus, ko da ya sa kwat ya zauna a ofis. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Ya tuhumi mutumin a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma barranta daga mai yin haka. To, ma'aikacin da ya yi ta zuba bayani a kan riba, ya bar maganar asara cikin ƙananan rubutu a shafin ƙarshe, me ya raba shi da mai hatsin nan?

Akwai masu cewa wanda aka cuta ya yi shiru ya bar wa Allah, wai kai ƙara raunin tawakkali ne. Lalle yafewa falala ce, amma ba wajibi ba ce, kuma shirun mutum ɗaya yakan bar ramin a buɗe ga na bayansa. Aya ta 148 cikin Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa. Shari'a ma ba ta tsaya ga izinin magana ba. Wanda aka sayar wa tunkiya ko taguwa da aka ƙi tatsa, don hantsarta ta cika a zaci mai nono ce, an ba shi zaɓin kwana uku: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin abin da ya tatsa. Watau cinikin da aka gina a kan ruɗi ana iya warware shi.

Sai dai ba kowace asara ce zalunci ba. A babin ƙiradi, idan mai dukiya ya ba wani ya juya, aka faɗa masa gaskiyar haɗarin, kasuwa kuma ta faɗi, asarar tasa ce, ba shi da bakin ƙara. Mai juyawa ba ya lamuni sai in ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Abin da alƙali zai tambaya shi ne: me aka gaya maka ranar da ka sa hannu? Nan ake gane hikimar aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Hujja a kan mai da'awa take. Takardar talla da rasit da wasiƙa, ko saƙon waya, sun fi rantsuwa da kuka amfani a gaban mai hukunci. Ya fara da rubuta wa kamfanin, ya ajiye kwafe, in bai sami biyan bukata ba ya wuce ga hukumar da ke bisansa.

Mutanen Ingilan nan ba su yi shiru ba. Sun haɗa kai, suka yi ta kai kuka, har binciken da tsohuwar alƙaliya Elizabeth Gloster ta yi ya fito a Disambar 2020, ya ce hukumar sa ido kan kamfanonin kuɗi ta gaza a aikinta. A 2021 gwamnati ta yarda ta biya su 80 cikin 100 na abin da suka zuba, iyakarsa fam 68,000 ga mutum ɗaya, bayan an cire kuɗin ruwan da ya riga ya karɓa.

Wannan cirewar abin lura ce ga Musulmi. Duk ajiyar da aka lamunce uwar kuɗinta, aka kuma yanka mata ƙari sananne tun farko, bashi ne mai riba, komai sunan da aka laƙaba mata. Wanda ya faɗa ciki da jahilci ya tuba, sa'an nan ya nemi haƙƙinsa. Haƙƙin nan kuwa aya ta 279 ta Baƙara ta iyakance shi ga uwar dukiyarsa. Ƙarin 8 cikin 100 da aka yi masa romon baka da shi, kada ya sa shi cikin takardar ƙararsa.