Alhakin Cutar da Ba a Iya Nuna Wanda Ta Kama

Ma'aikatan tashoshin nukiliya, masu haƙar yuraniyom da masu ɗaukar hoton ƙashi a asibiti suna shan tururin nukiliya kaɗan-kaɗan tsawon shekarun aikinsu. Tururin ba shi da wari, ba ya ƙuna, ido kuma ba ya ganinsa, amma yana iya lahanta ƙwayoyin halittar jiki, lahanin ya kwanta shiru, sai bayan shekara 10 ko 20 ya fito a matsayin cutar daji. Daga nan ne tambayar alhaki take tasowa: idan cuta ta zo bayan an daɗe da barin aiki, ta yaya za a ce aikin ne sanadinta, kuma wa za a tuhuma?

Masu bincike suna bin sawun lamarin ne ta hanyar ɗan ma'aunin da ma'aikaci yake maƙalawa a gaban rigarsa. Lokaci-lokaci akan karɓe shi a karanta, a rubuta adadin tururin da mutum ya sha, sannan bayan shekaru a haɗa wannan lissafi da takardun mutuwa. Binciken INWORKS, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa take jagoranta, ya tattara bayanan ma'aikata 309,932 daga Faransa, Birtaniya da Amurka, tun daga 1944 zuwa 2016. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna cewa mutuwa ta dalilin ciwon daji mai ƙari tana ƙaruwa da kimanin kashi 52 cikin 100 ga kowane gire 1 na tururi, wato kusan milisibat 1,000. Sai dai matsakaicin abin da ma'aikaci ya tara a duk rayuwar aikinsa bai wuce milisibat 20 da 'yan kai ba. Idan aka buga lissafi, cikin kowane mutum 100 da cutar ta kashe a tsakaninsu, kusan ɗaya ne za a jingina wa tururin.

Wahalar ita ce babu wanda zai iya nuna wannan mutum ɗaya. Ƙarin da tururi ya haddasa da wanda taba sigari ko gado ya haddasa kamarsu ɗaya a ƙarƙashin madubin likita. Ga gawa ɗari, lissafi ya nuna akwai wadda aiki ya kashe, amma kowace a cikinsu ana iya cewa ba ita ba ce. Mai kamfani yana iya fakewa da wannan, ya fuskanci iyalan mamatan ɗaya bayan ɗaya ya ce a kawo hujja, kuma babu mai iya kawowa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta, kamar mai haƙa rijiya a kan hanyar jama'a wani ya faɗa ciki. Shi ma na biyun ana ɗora masa biyan diyya idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, ko da bai san wanda zai faɗa ba a ranar da ya yi haƙan. Gaskiya ne akwai ƙa'idar cewa ba a ɗora wa mutum bashi bisa zato, amma abin da ake shakka a nan shi ne sunan wanda aka cutar, ba aukuwar cutarwar ba. Cewa ajali ne ya zo ma ba ta wanke kowa. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai kuma ɗauki hakan a matsayin gudun ƙaddara ba. Imani da ƙaddara yana sanyaya zuciyar iyalan mamaci, amma ba hujja ba ce a bakin wanda ya ƙi gyara mashigar iska a ramin haƙar ma'adinai.

Dokokin zamani sun nemi mafita ta hanyar auna rinjayen zato. Dokar Amurka ta 2000 tana biyan ma'aikacin masana'antar makaman nukiliya idan yiwuwar cewa tururi ne ya jawo masa cutar ta kai kashi 50 cikin 100. Tsarin Birtaniya da aka kafa a 1982 yana fara biyan wani kaso tun daga kashi 20. Na biyun ya fi kusa da adalci, domin yana raba nauyin rashin tabbas tsakanin ɓangarorin biyu maimakon ya jibge shi a kan mai rauni.

Iyakar da hukumar kariya daga tururi ta duniya ta shata wa ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara, a matsakaicin shekara biyar, alhali ta sauran jama'a milisibat 1 ce. Halaccin wannan bambanci ya dogara ne a kan yardar ma'aikaci, yarda kuwa ba ta inganta sai da sanin abin da aka yarda da shi. Wannan ya shafi yankin Arlit a Nijar, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971, aka kuma rufe mahaƙar Akuta ta ƙarƙashin ƙasa a 2021, domin iskar radon da ke taruwa a irin waɗannan ramuka sanannen sanadin ciwon dajin huhu ce. Saboda haka adana lissafin tururin kowane ma'aikaci, da ba shi kwafinsa, da ci gaba da duba lafiyarsa bayan ritaya, haƙƙi ne da ke kan wanda ya ɗauke shi aiki, ba alfarma ba.