Amanar Da Ke Wuyan Mai Sayar Da Abinci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mas'alarmu ta wannan mako ita ce: mai gidan abinci ya tashi kasuwa da dare, ga rabin tukunyar shinkafa da miya sun yi saura, ba wutar lantarki balle firji ya yi aiki. In ya zubar, yana tsoron almubazzaranci da hasarar jari. In ya ɗumama ya sayar da safe, wataƙila ya kwantar da bayin Allah. To, wanne ne ya fi nauyi a ma'aunin shari'a?

Da farko sai mu tuna cewa a aya ta 168 ta Suratul Baƙara, inda Allah Ya umurci mutane da cin abin da ke bayan ƙasa, sharaɗi biyu Ya gindaya, watau halacci da kyau. Rago yana iya samun yankan Musulunci, amma in namansa ya wuni a rana ƙuda na bi, sharaɗi na biyu ya faɗi.

Na biyu, ciniki amana ne. Wanda ya zauna aka kawo masa kwano bai ga tukunya ba, bai san da wane ruwa aka wanke kwanon ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya sa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, sai ya zargi mai hatsin da ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma nesanta mai algus daga gare shi. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda a ke karantawa a zaurukanmu, ta hana ɓoye aibin kaya da gauraya mummuna da kyakkyawa. Saboda haka wanda ya juye miyar jiya cikin ta yau, ya ƙara yaji da daddawa don tsaminta ya ɓuya, ya aikata duka biyun.

Wani zai ce ai ya shinshina, ya ɗanɗana, bai ji kome ba. A nan ne ilmin likita ya ke taimakon fiƙihu. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin zafi, wasunsu kuwa suna ninkuwa cikin minti 20, alhali abincin bai canja wari ko ɗanɗano ba. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba bisa wuta ba, ba cikin sanyi ba. Shinkafa ma ta fi wuyar sha'ani, domin akwai ƙwayar da ke zuba mata dafi in ta huce ta daɗe, dafin nan kuwa ɗumame ba ya kashe shi. A ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 su rasu, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Wanda wannan sani ya iske shi ba shi da sauran uzuri.

To, ina batun almubazzaranci? Almubazzaranci shi ne ɓata abin da ke da amfani. Abincin da ya zama cuta amfaninsa ya riga ya gushe, zubar da shi ba laifi. In akwai laifi, tun da hantsi aka yi shi, lokacin da aka ɗora abin da ya fi ƙarfin masu saye. Maganinsa a riƙa dafawa kaɗan-kaɗan, a bar tukunya bisa garwashi, abin da aka ga zai saura kuma a yi sadaka da shi tun yana da zafinsa. Amma a jira sai ya fara yauƙi sa'an nan a kira almajirai, wannan babban zalunci ne. Aya ta 267 ta wannan sura ta hana mutum ya zaɓi mummunan da shi kansa ba zai karɓa ba ya bayar da sunan sadaka.

Wani kuma zai ce ciwo da lafiya duk na Allah ne. Gaskiya ne, amma Sayyidina Umaru, da ya ji labarin annoba a ƙasar Sham, sai ya juya da jama'arsa, ya nuna cewa kauce wa cuta shi ma yana cikin ƙaddara. Annabi da kansa ya yi umurni a rufe ƙorai a ɗaure bakin salka. Wanke hannu da sabulu bayan an fito ban-ɗaki, raba wuƙa da katakon ɗanyen nama da na ganyen da za a ci ɗanye, da sallamar yaron da ke gudawa ya je ya huta har ya warke, duk riƙon sababi ne, domin ta hannu da ruwa kwalara da taifot su ke shiga kwano.

Magabata ba su ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Ash-Shaizari, malamin ƙarni na 12, a littafinsa na hisba mai suna Nihayatur Rutba, ya ce a tilasta wa masu dafuwa su wanke tukwane da ruwan zafi su rufe su, mai kwaɓa burodi kuma ya rufe bakinsa, ya ɗaure goshinsa kada gumi ya ɗiga, a sa wani ya riƙa kore masa ƙuda. Dattawanmu sun san irin wannan aiki a hannun duba-gari. Lalle ya kamata ƙananan hukumomi su ƙarfafa shi, amma mai duba ba ya kwana a ɗakin girki. Da asuba, lokacin da a ke buɗe tukunyar jiya, daga mai abinci sai Ubangijinsa.

Saboda haka, ya kai mai gidan abinci, kafin ka zuba wa baƙo, tambayi kanka ko za ka yarda ɗanka ya ci daga wannan tukunya. In zuciyarka ta yi ɗar, zubar, Allah Shi ne Mai mayarwa. Allah Ya ciyar da mu halal mai kyau, Ya sa mu dace, amin. Wassalamu.