Shin Auna Abin Da Ido Ba Ya Gani Shisshigi Ne Cikin Gaibu?

Wani almajirina daga Yalwan Damai, can wajen Birnin Kudu, ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ji labarin wani kumbo da Amurkawa suka harba, yana auna waɗansu ƙwayoyi masu keta sararin samaniya, waɗanda ido ba ya gani. Shin wannan ba shisshigi ba ne cikin ilmin da Allah Ya keɓe wa kanSa?

To, ga yadda al'amarin yake. Kumbon nan, Voyager 1, an harba shi cikin 1977. Yana ɗauke da na'urorin ƙidayar ƙwayoyi iri biyu: waɗanda rana ke fesowa, da waɗanda ke zuwa daga nesa, daga taurarin da suka tarwatse. Ran 25 ga Agusta, 2012, yana nisan kilomita wajen miliyan dubu 18 daga rana, sai na rana suka ɗauke, na nesa suka ƙaru. Alama ke nan ya fita daga da'irar iskar rana.

Gaibu a Larabci shi ne abin da ya faku, amma fakuwa iri biyu ce. Akwai abin da ya faku gare ka saboda gajartar gani. Manomin Gwaram ba ya ganin ruwan da ke ƙarƙashin gonarsa, mai haƙar rijiya kuwa ya isa gare shi, ba kuwa wanda ya ce ya yi duba. Ƙwayoyin nan haka suke, halitta ce mai adadi, ana ƙidaya ta. Akwai kuma abin da aka rufe wa talikai, kamar lokacin tashin Alƙiyama, da ƙasar da mutum zai mutu. Wannan ba na'urar da za ta shinshino shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, masanan nan ba su yi shela ba sai Satumba, 2013. Wata alama da suke jira daga maganaɗisun rana ba ta bayyana ba, suka shekara suna gardama, har wata hujja ta zo. Mu kuwa, yaro ya kwanta da zazzaɓi, uwar ta tafi wurin mai duba, ya share ƙasa, zama ɗaya ya ce kishiyarta ce. Kafin Magariba gida ya ɗauka, ba wanda ya tambaye shi inda ya gani.