A Wuyan Wa Yaronki Yake Tsakanin La'asar Da Magariba?

Idan yaro ya taso daga boko, ya ci abinci, kika tura shi Islamiyyar yamma ko wajen lesin, sai ki ji hankalinki ya kwanta. Kin biya kuɗin wata, malam kuma yana can. To amma daga wannan lokaci zuwa kiran magariba, amanar yaron nan a wuyan wa take?

Da yawanmu za mu ce a wuyan malam. Akwai gaskiya a ciki. Wadda ta karanta babin ajiya a Risala ta san cewa wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai in shi ne ya ƙetare iyaka. Ke nan malamin da ya yi sakaci da yaro yana da alhaki. Sai dai mai ajiya shi ke zaɓen hannun da zai danƙa wa, kuma zaɓen nan ma abin tambaya ne. Hadisin kiwo da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ambaci mace musamman, cewa za a tambaye ta game da gidan mijinta da 'ya'yansa. A ganina rasit ɗin makaranta ba ya ɗauke wannan tambaya, sai dai ya ƙara mutum ɗaya cikin waɗanda za a yi wa ita.

A matsayina na malama, abin da na fi gani shi ne uwa tana bin izu nawa yaro ya kai da na nawa ya zo a jarrabawa. Da wuya ki ji an tambaya yara nawa ne a ajin. Alhali malama ɗaya da yara sittin ko saba'in ba kulawa take yi ba, tsawa kawai take yi, komai kirkinta. Idan ƙaramar yarinya ta nemi zuwa ban ɗaki, wa ke raka ta? Na maza da na mata a rabe suke? Rijiyar harabar tana da murfi? Idan malam ya fita, babban yaro ake bar wa bulala? Ana barin yarinya ita kaɗai da namiji a ofis da sunan biya hadda? Mafi haɗarin lokaci kuwa shi ne tashi, sa'ad da ake buɗe ƙofa yara su kwararo titi gaba ɗaya, ga masu adaidaita sahu, ga duhu na shigowa, kuma ba wanda ya san wa ya tafi da wa.

Na san abin da ke hana ki tambaya: kunya. Wata ma za ta ce ai Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana yawan zato, kuma malami uba ne. Haka ne. Amma zaton da aka hana shi ne ki ɗora wa mutum laifi a zuciyarki ba hujja. Tambayar yadda aka tsara wuri wani abu ne daban. Malamin kirki ma daɗi yake ji idan an kafa dokar cewa ba a keɓewa da ɗaliba, domin mutuncinsa take karewa kafin na kowa.

Ba duk masifa ce uwa za ta iya tarewa ba. Lokacin da 'yan bindiga suka kwashe yara sama da 100 daga wata Islamiyya a Tegina ta Jihar Neja a watan Mayun 2021, suka riƙe su kusan wata 3, wannan nauyin hukuma ne. Amma ki tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a watan Disamban 2021 a kan hanyar dawowa daga Islamiyya. Wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a 2022 shi ne mai makarantar bokon da take zuwa, mutumin da ta sani, ta yarda da shi. Mu kuwa kullum baƙo muke tsorata yara da shi. Ya kamata yaro ya san cewa ko wanda ya sani ne ya ce ya zo ya kai shi gida, ba zai bi ba sai in ke kika faɗa masa tun da safe.

Mu ma iyaye da namu. Makarantar da ake bin iyayenta bashin wata huɗu da me za ta ɗauki maigadi ko ƙarin malama? Sannan sau da yawa ana kiran sallar magariba, malama na tsaye bakin ƙofa da yara biyu ko uku da ba a zo ɗauka ba, ita ma nata suna gida suna jira. Ga shi kuwa hadisin Jabir ya umurce mu da tsare yara a gida a daidai wannan lokaci.

Saboda haka wannan mako ki sa hijabinki, da izinin maigida, ki je wurin da ƙafarki, ba ranar walima ba, ranar karatu. Ki tsaya har a tashi. In babu littafin da ake rubuta sunan mai ɗaukar kowane yaro, ki kawo maganar a taron iyaye, ki nemi mata biyu ko uku na unguwarku ku riƙa karɓa-karɓa wajen rako yaran gida.