Tsatsar da Ba a Gogewa

A Turai da Amurka akwai mutanen da ke kashe dukiya wajen tara tsofaffin bindigogin sojan Jamus, irin ƙananan nan da muke kira libarba. Ɗaya daga cikin waɗanda suke nema ita ce Reichsrevolver, wadda rundunar Jamus ta ɗauka a 1879, aka fito da gajerarta a 1883, har Luger ta maye gurbinta a 1908. Tambayar da ke damuna ita ce: ya dace mutum ya ƙaunaci abin da aka ƙera don kisa?

Masu tarawar suna da hujja. Bindigar tana cin harsashi 6, sai an ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi, kuma ba ta da abin fitar da kwanso, sai soja ya zungure shi da ɗan tsinken ƙarfe. Wanda ke son ɓarna a yau ba ita zai nema ba. Abin da ke jan hankalinsu shi ne aikin maƙeran Suhl da Sömmerda da Erfurt, da lambobin da aka buga a kan sassanta, da hatimin runduna da ke nuna inda ta yi aiki. A wurinsu takarda ce ta ƙarfe, karanta ta ake yi.

Na yarda da wannan, amma da sharaɗi, kuma daga al'adarsu na ɗauko shi. A kasuwarsu, bindigar da aka goge mata tsatsa aka sake rina ta darajarta faɗuwa take yi, ko da ta fi kyawun gani. So suke ta zo da tabonta, domin tabon ne shaidar asalinta. To, in gogar ƙarfe ha'inci ce, yaya gogar labari?

Zamanin wannan libarba shi ne zamanin taron Barlin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara yadda za su raba Afirka. A cikinsa Jamus ta kama Kamaru da Togo, sojojinta suka ci Garwa a 1901 da Marwa a 1902, suka kuma fara kisan ƙare dangi a kan Herero a 1904, a ƙasar da yau ake kira Namibiya. Ban ce kowace libarba ta taka waɗannan wurare ba. Amma daular da ta buga mata hatimi ita ce ta aika sojojin, kuma jikokin waɗanda aka ci da yaƙi suna nan da ransu.

Saboda haka, a ganina, ba a ajiyar laifin yake ba, ai mu ma muna ajiye takubban kakanni. Laifin yana cikin irin zancen da ake yi a gabanta. Wanda ya haddace sunan maƙera da shekarar ƙira, amma in an ambaci waɗanda aka binne sai ya ce a bar tone-tone, ya goge tsatsa mafi muhimmanci. Wanda kuwa zai nuna wa ɗansa kyawun aikin, ya kuma faɗa masa abin da aka yi ta dominsa, shi ne ya riƙe amana. Ƙarfe ba ya magana, sai abin da mai shi ya zaɓa ya faɗa.