KAFIN MU ƊAUKI DUTSE

Karatu: Yohanna 8:1-11

Dattawanmu sun san majigi, sa'anda a kan kafa farin ƙyalle a fili da dare, yaro da babba su taru. Yau majigi ya shiga aljihu, kowa yana kallo a wayarsa. Akwai wani fim da mu ke so mu yi magana a kansa, ko da shi ke maganar tana da nauyi a baki.

A shekara ta 2016 Oluseyi Asurf ya shirya shi a nan Nijeriya, sunansa Hell or High Water. Labarin wani matashin fasto ne mai mata, wanda jama'arsa su ke ƙauna, amma yana ɓoye wani abu: zuciyarsa ga namiji ɗan'uwansa ta ke karkata. Akwai irinsa a ƙetare. A 2001 an yi Trembling Before G-d a kan Yahudawa. A 2007 an yi A Jihad for Love a kan Musulmi, da For the Bible Tells Me So a kan gidajen Krista biyar a Amurka. Yawancin mutanen da aka nuna ba su juya wa Allah baya ba. Suna addu'a, suna kuka, suna tsoron ranar da iyayensu za su sani.

Mene ne matsayin ekklisiya? A taron Lambeth na 1998, inda bishof-bishof na Angilikan suka hallara har da na Nijeriya, an yanke magana biyu. Ta fari, wannan aiki bai dace da Littafi Mai Tsarki ba. Ta biyu, za a saurari waɗannan mutane, a tabbatar musu Allah yana ƙaunarsu. Ta farin mun riƙe ta da hannu biyu. Ina ta biyun?

A Janairu 2014 aka sa hannu a dokar da ta yanka ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya. Cikin watan nan kuwa taron mutane suka yi ta jifan wata kotu a Bauci, suna neman ran waɗanda a ke tuhuma.

Mu na Zariya ya kamata wannan ya taɓa mu. A 1905 Likita Mila ya zauna cikin ganuwar birni, sai 1929 mishan ta koma Wusasa. Cikin waɗanda suka fara bin bishara akwai waɗanda danginsu suka ƙi cin tuwo da su. Mu jikokin waɗanda aka nuna da yatsa ne. Ƙaƙa za mu zama masu nunawa?

Ku dubi Ubangijinmu. Bai ce wa macen nan zunubi ba kome ba ne. Amma sai da masu duwatsu suka watse, ɗaya ɗaya, kana ya yi mata gargaɗi. Ya ceci ranta tukuna. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani.

Domin wannan, idan ɗanka ko wani cikin 'yan mawaƙa ya zo da wannan magana yana rawar jiki, ka ba shi tabarma. Ka ji shi har ƙarshe. Ka rufa masa asiri, gama ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada ka kore shi daga gida, kada ka bashe shi ga taro.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da zuciya mai jinƙai. Amin.